Rumbunan kakanmu: a rushe ko a yaɓe?

Ɗan Gandu:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma ina roƙon manyanmu da ke nan kada su yi shiru.

Gidan gonarmu yana wani ƙauye a ƙasar Ringim. Kakanmu ne ya kafa shi, mahaifinmu ya riƙe har Allah ya yi masa rasuwa bara. A ciki akwai zauren ƙasa mai ɗaurin guga, da rumbunan laka guda 3, irin waɗanda ake ce wa rufewa, da tsohuwar rijiya da aka daina ja tun da aka kafa mana tuƙa-tuƙa. Yanzu an zo rabon gado. Babban yayanmu ya ce a rushe duka, a yi sito na bulo da kwano, sauran filin a yanka fuloti tunda titi ya matso. Ban ce ba shi da hujja ba. Rumbu ɗaya ya tsage daga wuya har gindi, kuma shekara 4 ke nan ba a zuba ko dami ɗaya a cikinsu ba.

Amma ranar Asabar na jingina tsani a jikin babban, na ɗaga jinkar na leƙa. Har yanzu ƙamshin gero bai fita ba. A bangon ciki ga shatin yatsun wanda ya yi yaɓen, layi-layi, kamar jiya ya sauke hannu. Kusa da baki kuma ga zane-zanen da Baba yake yi da ƙusa in yana ƙirga dami. Ina yaro ni ake zurawa ciki in miƙo dami, don ni ne ƙarami a cikin maza. Baba ya sha gaya mana cewa a farin 1973 wannan rumbun ne ya riƙe gidanmu da gidaje biyu na maƙwabta har aka ga sabon hatsi. Na sauko daga tsanin na kasa magana.

Shin akwai hanyar da za a bar su ba tare da an tauye haƙƙin kowa ba? Ko kuwa son zuciyata ne kawai?

Bakanon Dawanau:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Ƙanena, zan faɗa maka gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba: yayanku ya fi ka ganin gaba. Ni sana'ata hatsi ce, a Dawanau nake wuni. Ba wanda yake kawo mana dami. Buhu ake saye, buhu ake sayarwa, buhu ake lodi. Manomi yana girbi injin casa yana tsaye a bakin gona, kafin la'asar hatsinsa ya shiga buhu. To buhun ta ina za ka zura shi a bakin rufewa? Ga ɓarayi kuma. A da rumbu yana tsaye a bayan gari ba mai taɓa shi, yau a dare ɗaya za a fasa gindinsa a kwashe. Sito yana da ƙofar ƙarfe da kwaɗo. Ku ɗauki hoton rumbunan ku ajiye wa yara, ku yi abin da zai amfani masu rai.

Jikar Magini:
Alhaji, ban ƙi maganarka a kan kasuwa ba, amma ka haɗa abu biyu. Hatsin sayarwa daban, hatsin ci daban. Rumbu tun asali ba don ɗan kasuwa aka gina shi ba, don cikin gida ne.

Kakana magini ne, mahaifina ma ya taɓa sana'ar kafin ya koma bulo, saboda haka a cikin maganar nan na tashi. Rufewa ba a kan ƙasa take zaune ba, a kan duwatsu ake ɗora ta, don kada danshi ya hau, kuma gara ta rasa hanya. Ƙarƙashinta kaji ke kwana, su ne ma suke tsince garar da ta yi yunƙurin hawa. Bangon ba da tubali ake yinsa ba, ana ɗora kwaɓaɓɓiyar ƙasa da ciyawa zagaye-zagaye kamar ginin tukunya, a bar kowane zagaye ya sha iska kafin a ƙara. Shi ya sa yake da siriri amma ba ya faɗuwa da wuri. Ka shiga siton kwano da tsakar rana a watan Afrilu, sannan ka sa hannu a cikin rufewa, jikinka zai ba ka amsa. Kuma gero a zangarniyarsa ya fi daɗewa nesa ba kusa ba a kan wanda aka sussuka, ƙwaro ba ya samunsa da sauƙi. Wake kuwa da toka ko yashi ake cakuɗa shi, wasu su sa ganyen darbejiya.

Me muka maye gurbin wannan da shi? Fiya-fiya. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu saboda yawan wannan maganin a jikinsa. Su suka ƙi, mu muka ci gaba da ci. Sai kuma ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhu, wadda wasu don rashin sani suke ajiye buhunan a ɗakin da yara ke kwana.

Bakanon Dawanau:
Hajiya, maganar magani gaskiya ce, ina ganinta da idona kuma tana damuna. Amma an samu mafita ai. Buhun PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi, leda biyu a ciki buhu a waje, ka ɗaure kowanne da kyau, ƙwaro ya rasa iska ya mutu. Ba magani ko ɗigo. Ba sai an koma laka ba.

Jikar Magini:
Buhun yana da kyau, ni ma da shi nake ajiye wakena. Sai dai ɓera ɗaya ya huda shi aikin ya lalace, kuma kuɗi ake sa wa a saye shi. Ƙasar rumbu kuwa a bayan gida take.

Inna Mai Koko:
Ni ku bar ni in yi magana a madadin matan da suka yi zamani da rumbun nan, don na ga maza ne da 'yan boko suke ta yabonsa. Ɗana Ɗan Gandu, kai ƙamshin gero ka tuna. Ni abin da na tuna shi ne kullum ta Allah maigida zai fito da dami ya ajiye mana, mu ɗauka mu kai masussuka, mu sussuka, mu sheƙe, mu surfa, mu wanke, mu daka, kafin a ce an ɗora tuwo. Ƙaiƙayi ya cika mana wuya da ido. Tafin hannuna har yau da kanta. Kuma a gidan da na yi aure mace ba ta leƙa rumbu, ba ki san abin da ya rage ba sai ranar da kika ga an fara auno tiya daga kasuwa. Da injin casa da injin niƙa suka zo, wallahi mu hutu muka samu.

Ban ce a rushe ba. Ni ma in na ga rumbu a hanya zuciyata tana motsawa, don uwata nake tunawa. Amma in za a ba yara labarinsa a ba su duka, har da wahalar da ke bayansa.

Ɗan Gandu:
Inna, na karɓa. Mahaifiyata ma da na kai mata maganar cewa ta yi ita ba ta kewar sussuka ko kaɗan. Amma da aka zo kan zauren sai ta yi shiru, ta ce a nan aka ɗaura aurenta, a nan aka raɗa mana suna mu duka, a nan aka fito da gawar Baba.

Malamin Tarihi:
Ina koyar da tarihi a wata sakandare a Jigawa, kuma wannan magana ta daɗe tana ci mini rai. Bari in fara da abin da zai sa kada ka ɓata lokacinka: kada ka jira hukuma. Akwai Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, amma kariyarta tana kan wuraren da aka ayyana ne, irin su Gidan Makama, da ganuwar Kano, da zanen dutse na Birnin Kudu. Rumbun manomi ba ya cikin lissafin. Ita ma ganuwar, wadda Sarki Gijimasu ya aza harsashinta kuma Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa, kowa ya bi ta gefenta ya ga yadda gine-gine da masu ɗibar ƙasa suka cinye ta. In badala da sunanta da dokarta ba ta tsira ba, me zai tsare rufewa a ƙauye in ba masu ita ba?

Abin da yake ba ni takaici shi ne, duk abin da muke kira kayan tarihi na sarakuna ne da birni. Alhali arzikin da ya gina birnin daga karkara ya fito. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, layin ya kai Nguru a 1930, ya ratsa Ringim da Gagarawa da Malam Madori, kuma gyaɗar da aka tara dala da ita a Kano daga gonakin kakanninmu aka yi lodinta. Fari ya zo a farkon shekarun 1970, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, harkar ta durƙushe. Yau yaro yana ganin hoton dalar gyaɗa a littafi, amma bai taɓa ganin inda manomin da ya noma ta yake ajiye abincinsa ba. Kuma ku tambayi tsofaffi dalilin da ya sa ake gina rumbu ya fi buƙatar shekara ɗaya. Iyayensu sun ga Kakalaba a 1914, sun ga 'Yar Buhu a 1927. Wanda ya ga irin wannan yunwa ba ya yarda rumbunsa ya zama na damina ɗaya.

Na taɓa kai ɗalibaina wani ƙauye don su ga rumbu. A cikinsu akwai 'ya'yan manoma da ba su san bambancin rufewa da rumbun zana ba. A ƙauye fa, ba a birni ba.

Ɗan Rinji:
Malam, tunda ka taɓo tarihi bari in ƙara abin da ba a cika son faɗa ba. Ba kowane tsohon gidan gona ne iyali suka gina da gayya ba. Gandayen sarauta irin na Fanisau da Ɗorayi, da rinjojin attajirai da suka zagaye Kano, bayi ne suka nome su, su ne suka cika rumbunan. Garuruwa nawa ne har yau sunansu Rinji? Fanisau ana tuna ta da cewa a can Bature Clapperton ya je ya gaida Sarki Ibrahim Dabo a 1824, amma wa yake tuna waɗanda suka yi noman? Ni daga irin wannan zuri'a na fito, kuma ba na jin kunyar faɗa. Kakata ta nuna mini kufan da aka haifi uwarta, yanzu gonar wani ce, ko tudun ƙasar ba a bari ba. Da an bar ko bango ɗaya da na kai 'ya'yana. Don haka ni ina goyon bayan a bar su, amma ba don a yi ado da su ba.

Malamin Tarihi:
Wannan gaskiya ce, kuma ita ce ba ta cikin manhajar da nake koyarwa. Allah ya saka da alheri da ka faɗa.

Almajirin Zaure:
Ɗan uwa, akwai gefen shari'a da bai kamata son tarihi ya rufe mana ido a kansa ba. Da mahaifinku ya rasu, gidan nan ya zama haƙƙin magada duka, maza da mata. In akwai ƙananan yara a ciki, rabonsu amana ce, ba a hana su amfaninsa don wani yana ƙaunar gini. Hanya mai tsafta ita ce a kira masu sani su yi wa gidan kuɗi, ka nemi a sa ɓangaren zauren da rumbunan a cikin rabonka, in ya fi rabonka ka cika wa sauran. In ka mallaka, kana iya yin waƙafi da zauren ya zama wurin karatun yara, daga nan ba mai sayar da shi bayanka.

Ajiye hatsi a zangarniya kuwa ba ƙauyanci ba ne. A Suratu Yusuf, aya ta 47, shawarar da Annabi Yusuf, alaihis salam, ya ba mutanen Masar ke nan: abin da suka girbe su bar shi a zangarniyarsa, sai kaɗan da za su ci. Amma ka bi yayanka a hankali. Zumunci ya fi rumbu.

Tsohon Magini:
Jikana ne yake karanta mini, shi ne kuma yake rubuta abin da na faɗa. Yaro, na ji kowa, sai dai ba wanda ya tambayi abin da ya kamata. Wa zai yi yaɓen?

Ginin ƙasa ba ya mutuwa da tsufa, rashin hannu ke kashe shi. A da, da an gama kaka kowane maigida ya san zai kwaɓa ƙasa, a duba indararo, a toshe inda ya tsage, a sabunta jinka kafin ruwan farko. Ana jiƙa ɓawon ɗorawa a samu makuba a shafe bango, ruwa ya riƙa zamewa. Masu hali su yi laso, da katsin marina da gashin akuya daga majema da dafara. Yau marinar ƙauye ta mutu, ina za ka samu katsi? Ɗorawar an sare ta an yi gawayi. Azara daga giginya ake fasa ta, namijin ya fi ƙwari, gara ba ta cinta, amma giginya tana daɗewa ƙwarai kafin ta isa sara, kuma ba mai dasawa. Azara ba ta ɗaukar faɗin da ya wuce kamar mita 2 ita kaɗai, shi ya sa magina suka fito da bakan gizo da ɗaurin guga, a ɗaure azara kan azara har su haɗu a sama. Irin aikin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya kai ƙarshensa a masallacin Juma'a na Zariya. Zaurenku ƙanin wannan aikin ne, ko da ƙarami ne. A duk yankinmu waɗanda za su iya ɗaura shi daga farko ba mu fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kuma dukanmu mun tsufa. 'Ya'yana duka bulo suke yi, ban ga laifinsu ba, a nan abinci yake.

Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka bari a shafa masa siminti. Mutane suna ganin gata suke yi wa gini. Siminti ba ya kama ƙasa, yana tsagewa, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita, bango ya ruɓe daga ciki kana ganinsa lafiya daga waje, sai rana ɗaya cikin marka ya zauna. Na ga haka ba sau ɗaya ba. Ƙasa da ƙasa ake gyara ta.

Kuma in ka gyara rumbu ka bar shi wayam, wahalar banza ka yi. Rumbun da babu hatsi ba mai hawa ya duba shi. Jinka ta zube ba a sani ba, damina biyu ta gama da shi. Ka zuba masa ko dami 20 ne.

'Yar Haɗeja:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Amma mu da muke bakin kogi maganarmu daban ce. A ambaliyar 2022 na ga gidajen ƙasa suna narkewa kamar an jiƙa fura, a Auyo da Kafin Hausa da kewayen Haɗeja. Rumbun kawuna ya zube da hatsin shekara a ciki. Bayan haka duk wanda ya samu hali bulo ya yi, kuma ba wanda zai ce masa don me. Ina jin zafin ɓacewar kayan gado, amma na fi jin zafin ganin tsoho yana tsamo zangarniya daga cikin ruwa.

Tsohon Magini:
'Yata, gaskiyarki. Ƙasa ba ta jure ruwan da ya kwanta a gindinta. A fadama ban ce kowa ya yi ba. Shi ya sa na da suke neman tudu. Yaron nan ya gaya mana, gidansu a tudu yake ko a kwari?

Ɗan Gandu:
A jigawa yake, Baba. Ko a 2022 ruwa bai kai gindin duwatsun ba, a gonakin ƙasa ya tsaya.

Bakanon Dawanau:
To in haka ne ni ma zan sassauto. Amma ka yi lissafi tun yanzu, ƙanena. Kai a birni kake aiki. Duk shekara wa zai je ya tsaya a kan yaɓe? Kada ka ɓata da yayanka a kan abin da bayan shekara 3 kai da kanka za ka bari ya zube.

Ɗan Gandu:
Jama'a, na dawo bayan kwana 9, ku yi haƙuri da shiruna. Na je gida, na bi shawarar Almajirin Zaure, ban tunkari Yaya kai tsaye ba, ta wajen baffanmu na bi. An zauna a zauren bayan sallar Juma'a, da mai unguwa da liman.

Ba duka na samu ba. Rumbun da ya tsage za a sauke shi, magini ya duba ya ce gara ta riga ta shige ta tsagar, ba abin da za a ceto. Na tsakiyan ma zai tafi, don a wurinsa siton zai zauna, kuma na yarda, saboda ƙannena mata suna buƙatar abin da zai kawo musu kuɗin haya. Zauren da babban rumbu sun faɗo a rabona, na cika kuɗi kaɗan a kai. Yaya bai ji daɗi ba da farko, ya ce na mayar da shi kamar wanda ba ya ƙaunar mahaifinsa. Na ba shi haƙuri, don ban taɓa nufin haka ba. Da za mu tashi sai ya ce in an sauke na tsakiyan kada a zubar da ƙasarsa, a jiƙa ta a yi yaɓen babban da ita, haka Baba yake yi. Ni ban ma san da wannan ba.

Alhaji, tambayarka ta tsaya mini a rai. Ɗan baffanmu da yake noma gonar ya karɓi kula da rumbun, da sharaɗin zai riƙa zuba nasa geron tare da nawa. Inna, na yi alkawari ba macen da za a sa sussuka, in an fito da dami inji za a kai.

Mun sa ranar gayya Asabar ta sama, don jinkar sai an sauke ta an yi sabuwa, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukarta. Magini ya ce in samo shuci da ɓawon ɗorawa. Shucin na samu alkawarinsa, ɓawon ɗorawar ne na zaga kasuwa biyu ban samu ba.

Jikar Magini:
Ka tambayi matan da suke yin daddawa, su suke fasa ɗorawa, sukan tara ɓawon. In ba ka samu a wajenku ba ka yi mini magana, akwai wata gwaggona da take yi, zan sa a ɗoro maka buhu a mota.

Malamin Tarihi:
In ba damuwa zan zo da ɗalibai 6 ranar Asabar, su taya kwaɓa ƙasa, su ga yadda ake sauke na tsakiyan kafin ya tafi. Zan nemi izinin iyayensu.

Tsohon Magini:
Ku zo da su. Yaro, ka jiƙa ƙasar tun ranar Laraba, a tattaka ta da ciyawa, a rufe ta ta kwana uku. Kada a yi yaɓen da tsakar rana, zai tsattsage. Kuma ka ce wa maginin naku ya fara duba duwatsun gindi kafin kowa ya hau tsani. In jikina ya yarda jikana zai kawo ni a babur in gani.